Doka ta Shida

Litinin, 17 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Yau aka ba ni aji uku, nawa ni kaɗai, yara ashirin da huɗu. Shekara biyu na yi a garinmu na bakin teku ina cike gurbin malaman da suka tafi haihuwa, yau ga ni a kan dutse da rajistata a hannu da sunana a jikin ƙofa: Bu Hesti. Bu ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pak. Sanyin garin nan kuwa, alli ma da ƙyar yatsuna suka riƙe shi.

Ban koyar da komai ba. "A yi shiru" na yi ta faɗa har muryata ta dishe. Wani ya hau tebur, wasu biyu suka fice ta taga. Pak Suwarjo, shugaban makaranta, ya wuce sau biyu, a na biyun ya tsaya ya yi mini murmushi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 20 ga Yuli, bayan la'asar

Bu Kamti, malamar aji biyar, wadda nake zaune a ɗakin bayan gidanta, ta ce tun daga gonar dankali ake jin ajina. Tana dariya ta faɗa, ni ma na taya ta, amma kunnuwana sun yi zafi. Ta ce yara suna son su san inda iyaka take, in kafa musu tsari tun makon farko, in bi a hankali. Ni dai "tun makon farko" ne ya shiga kunnena.

Asabar, 22 ga Yuli, ƙarfe ɗaya

Mun rubuta dokoki, ni da su, yadda aka koya mana a kwaleji. Su kawo, in rubuta a babbar takarda. Layi a bakin ƙofa kafin a shiga. Ɗaga hannu kafin magana. In na tafa sau uku kowa ya ajiye abin da yake yi. Masu shara huɗu kowace rana. Banɗaki kuma ɗaya sai ɗaya ya dawo. Duk nasu ne waɗannan, har suna rige-rigen kawowa.

Ta shida ni na kawo ta, ba wanda ya roƙe ni: farce a yanke, gashi a taje, a duba kowace Litinin bayan an ɗaga tuta. A ƙasa na rubuta da jan biro cewa doka ta kowa ce. Ina faɗar ta shida duk suka juya suna kallon Lasmi.

Lasmi 'yar gembel ce, yadda ake kiran yara masu curarren gashi a nan. Gashinta ya cure tun tana ƙarama, igiya-igiya har kafaɗa, mataji ba ya shiga. Na san irinsu mana, wa bai sani ba? Ba a taɓa kan sai ranar da yaron ya nemi aski da bakinsa. Na san wannan tun kafin in hau motar zuwa nan, ina rubutawa ne don kada gobe in ce ban sani ba.

Kowa ya dangwala yatsa da tawada a ƙasan takardar. Ita ma ta dangwala, tana washe wawulonta.

Litinin, 24 ga Yuli, ƙarfe biyu

Kai, abin yana aiki! Na tafa sau uku, aji ya yi tsit, har na rasa abin da zan ce musu. Na duba farce, na duba gashi. Da na zo kan Lasmi na duba farce na wuce.

Alhamis, 27 ga Yuli, bayan la'asar

Yatmi, mai bakin aji, ta ɗaga hannu yadda doka ta ce, na ba ta dama. Ta miƙe ta ce, "Bu, ke kika ce doka ta kowa ce. Ni kullum sai na yi kuka in ana taje mini kai. Ita Lasmi 'yar sarki ce?"

Aji ya fashe da dariya. Na tafa sau uku, suka tafa mini sau uku, suna ƙara dariya. Daga nan komai ya warware. Yau ba a yi shara ba, kuma biyar suka tafi banɗaki tare.

A kwaleji an ce mana in ka ɗaga wa ɗaya ƙafa ka rasa sauran. Tun da na dawo maganar ke yawo a kaina. Ban gaya wa Bu Kamti ba, don na san abin da za ta ce.

Litinin, 31 ga Yuli, ƙarfe goma sha biyu

Ba abin rubutawa.

Litinin ɗin dai, ƙarfe biyar na yamma

Almakashin ɗinkin Bu Kamti ne. Na goge shi na mayar cikin gwangwanin da na ɗauko shi. Ba ta san ya je makaranta ba.

Igiya ɗaya ce kawai na yanke wa Lasmi, ta bayan kunnen hagu. Ɗaya. Ba ta yi kuka ba.

Talata, 1 ga Agusta, ƙarfe biyu

Ashirin da uku.

Lasmi ba ta zo ba. Sauran sun yi layi ba tare da na ce ba. Masu shara sun share har ƙarƙashin kabad. Ban tafa ko sau ɗaya ba, babu buƙata. Na yi tambaya a lissafi, mai sauƙi, ba wanda ya ɗaga hannu. Yatmi ta kifa kai a tebur tun safe har aka tashi.

Laraba, 2 ga Agusta, bayan azahar

Ashirin da uku. An ce zazzaɓi ne.

Sanyi ake yi, raɓa ta daskare ta ƙone ganyen dankali, yara da yawa suna tari. Zazzaɓi a wannan watan ba sabon abu ba ne. Na rubuta "rashin lafiya" a rajista, da kyakkyawan rubutu.

Pak Suwarjo ya leƙo, ya ga aji shiru, ya ce madalla, aji uku ya zama abin koyi. Ko bai ji ba ne, ko ya ji yana yi mini irin nasu na manya, oho. Na ce na gode, Pak. Har na ɗan rusuna.

Alhamis, 3 ga Agusta, ƙarfe shida na safe

Bu Kamti ta sani. Ta ajiye mini shayi kamar kullum, amma gwangwanin ɗinki ya bar kan kabad, ya koma ɗakinta. 

Juma'a, 4 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Kakar Lasmi ta zo, Mbah Sonem. Ana shirin tashi na gan ta a bakin ƙofar aji, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta cire takalmi ta riƙe a hannu kamar za ta shiga masallaci.  Na shirya wa zagi, wallahi har so nake ta zage ni.

Sai ta rusuna mini. Ni, da ban kai jikarta ta fari a shekaru ba. Ta ba ni haƙuri don ta katse mini aiki, ta tambayi yadda nake fama da sanyi, ta ce yaran ƙauye sai haƙuri. Sai da ta gama duk wannan ta ce, "Bu Guru," wato malama, "ko gashin yana nan? Ba a barinsa a ƙasa. Tare da 'yan'uwansa ake sa shi a ruwa ranar aski."

Na ce zan duba. Zan duba! Kamar biro ne ya ɓace.

Na san inda yake. Ranar Litinin ni da kaina na sa tsintsiya na tura shi cikin kwandon shara, masu shara suka kai rami bayan makaranta. Ranar Asabar ake cinna wa ramin wuta.

Na jira maza suka tafi masallaci, na ce yanzu ba kowa. Na naɗe siket ɗin aikina na shiga ramin. Bawon ayaba, takardu, ledar alewa, kashin kaji, abin da ban san sunansa ba. Na fi rabin awa ina tonawa da hannu. Da na ɗaga kai sai ga mata uku a kan hanyar gona da kwandunan kabeji a baya, sun tsaya. Ɗaya uwar Yatmi ce. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce sannu da aiki, Bu. Na amsa daga cikin ramin.

Na same shi, ya manne a jikin wata takardar lissafi. Ya fi yadda nake zato tsawo, ya kusa tsawon hannuna daga yatsa zuwa gwiwa.

Asabar, 5 ga Agusta, bayan azahar

Na naɗe shi a farin hankici. Na kai har kan kwanar gidan su Lasmi, na ga takalma da yawa a ƙofa, na juyo.

Lahadi, 6 ga Agusta, ƙarfe biyar

Bu Kamti ta ɗauki gyalenta ta ce mu je. Ba ta tambaye ni ko ina so ba.

A madafa suka karɓe mu, gaban kaskon wuta, aka ba ni kujerar da ta fi kusa da garwashi. Pak Mudakir, mahaifin Lasmi, ya dawo daga gona don mu, hannuwansa duk ƙasa. Aka kawo shayi da dafaffen dankali da barkono. Aka yi hirar raɓa, aka yi ta tsadar taki. Hankicin yana cinyata, na rasa ta inda zan fara. A ƙarshe Mbah Sonem ce ta miƙo hannu biyu, na ɗora mata, ta kai shi goshi sannan ta shiga da shi ciki.

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, Pak Mudakir ya riga ni. Ya ce su ne da laifi, da ba su zo tun ranar farko sun yi wa malama bayani ba. Ya ce malama baƙuwa ce, ba ta san al'adar dutse ba, kuma ai don gyaran yara ta yi. Ya ce in yafe musu.

Ga ƙofa an buɗe mini, ni kuwa na shige. Na bar shi a kan cewa ban sani ba. Bu Kamti ta kalli garwashi.

Lasmi tana bayan labule. Na ji tarinta. Kakarta ta ce, nduk, wato 'yar nan, fito ki gaida malamarki. Labulen bai motsa ba. Suka ce barci take yi.

Talata, 8 ga Agusta, ƙarfe biyu

An kai Lasmi asibitin gari a bayan babur. Ma'aikaciyar jinya ta ce taifot ne, ruwa ne ba shi da kyau. Na ji daɗi da na ji haka, sai kuma na ji kunyar jin daɗin. Yarinya tana kwance da ƙarin ruwa a hannu, ni ina murna an samo wa ciwon wani suna da ba nawa ba.

Ban yarda almakashi yana kawo zazzaɓi ba. Ban yarda ba. Na faɗa wa kaina haka a sallar azahar har na manta raka'a nawa na yi.

Alhamis, 10 ga Agusta, bayan la'asar

Ashirin da uku.

Litinin, 14 ga Agusta, ƙarfe ɗaya

Ranar dubawa. Makon jiya na yi kamar na manta, yau ma haka na so, amma muna shiga aji suka jera hannuwa a kan tebur suka sunkuyar da kai suna jira. Maza huɗu an yi musu ƙwal-kwabo, a wannan sanyin. Mata kuwa an ja musu gashi an ɗaure tamau har idanunsu sun ɗage.

Na ce yau ba dubawa. Ba wanda ya janye hannu. Na ce doka ta shida an soke ta, na ɗauki biro na ja mata layi a gabansu. Sai Yatmi ta fashe da kuka, ta ce ita ce ta jawo, da ba ta yi magana ba da Lasmi ba ta kwanta ba. Ashe mako biyu ke nan ba mai wasa da ita.

Na tsaya a gaban allo na ce ba Yatmi ba ce, ni ce. Na ce tambaya ta yi, kuma ta ɗaga hannu kafin ta yi. Na ce ni babba ce, ni na zo da almakashi daga gida. Yara 'yan shekara takwas suna kallona. Ban san ko sun gane ba. A lokacin tara dai na ga wata ta gutsura wa Yatmi rogo.

Gaban yara na iya faɗa. Gaban ubanta na kasa.

Alhamis, 17 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya

Bikin ranar 'yanci. Ajina ne ya fi kowa iya tsayuwa a layi, aka ba mu kyautar tsintsiya biyu da bokiti. Ni aka kira na karɓa, iyaye suna tafi.

Asabar, 19 ga Agusta, bayan azahar

An sallamo Lasmi tun Laraba, zazzaɓi ya sauka. Bu Kamti ta ce tana cin abinci, tana zama a rana. Na ce to Litinin za ta dawo ke nan? Ta ce uwarta ta wanke mata kayan makaranta ta goge, yarinya ta gan su a rataye ta shige ƙarƙashin gado.

Ta ce kuma Lasmi ta nemi aski da kanta. Gida ya cika da murna, an fara neman rana. Saura abin da za ta roƙa. Kowane ɗan gembel sai ya faɗi abin da yake so kafin a sa masa almakashi, kuma dole a ba shi, in ba haka ba gashi ya sake curewa, ciwo ya dawo. Wani keke, wani tunkiya. Ɗan maƙwabcin Bu Kamti ƙwai ɗari ya ce, aka dafa masa, ya ci biyu. Da safe ake tambaya, yaro yana buɗe ido, kwana uku a jere, a ga ko maganar ba ta canza ba.

Na ce ko me ta roƙa ina so in sa hannu. Bu Kamti ta ce in bari a ji tukuna.

Talata, 22 ga Agusta, ƙarfe uku

An kira ni ofis ana tsakar darasi. Pak Mudakir yana zaune a bakin kujera, ya sa rigar zuwa biki, hularsa a gwiwa. Pak Suwarjo yana ta jera takardun da suke a jere.

Pak Mudakir ya daɗe yana kewaye-kewaye. Ya ce sun tambaye ta kwana uku, suka ƙara na huɗu. Sun nuna mata keke, sun ce ga tunkiya, kawunta ya ce har gari zai kai ta ta zaɓi abin da take so. Ya ce yarinya ce, ba ta san nauyin magana ba, shi kansa kunya ta hana shi barci. Sannan ya kalli ƙasa ya ce, "Ta ce ita ba ta son komai. A canza mata malama kawai."

Pak Suwarjo ya ce makaranta tana da tsarinta, ba a raba aji da malami don maganar yarinya, hukuma ba ta san wannan ba. Ya ce amma shi ba zai ce komai ba sai ya ji ta bakina. Aji uku ɗaya ne a makarantar nan, ba inda za a mayar da ita. Makaranta ta gaba tana bayan dutse, tafiyar awa guda da rabi, kuma duk mun san ba za a kai ta ba. Gona za ta tafi.

Na so in ce a ba ni mako ɗaya in lallashe ta. Na so in ce sauran ashirin da ukun fa, sun fara sakin jiki, jiya har mutum shida suka ɗaga hannu. Ajina ne na farko. Ni na manna taswira, ni na ɗinka labulen taga.

Na ce a ba ta abin da ta roƙa. Sannan na juya wajen Pak Mudakir na ce, "Pak, ranar da na zo gidanka ka ce ban san al'ada ba. Na sani. Tun kafin in taɓa ta na sani."

Ya juya hularsa sau ɗaya. Ya ce, "Mun san kin sani, Bu."

Ya gode wa shugaba, ya gode mini, ya fita da baya.

Laraba, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Bu Kamti za ta karɓi aji uku, ni in karɓi biyar. Na miƙa mata rajista. Na fara yi mata bayanin wanda ba ya gani daga baya da wanda ba ya karyawa kafin ya zo, ta ce ta san su tun suna goye. Gaskiyarta.

Na gaya wa yara. Ba su tambayi dalili ba.

Alhamis, 24 ga Agusta, ƙarfe biyar

An yi askin yau da hantsi, an kai gashin rafi. Ban je ba, ba a kuma ce in je ba. Da yamma aka aiko mini da shinkafa da cinyar kaza a kwandon gora, kamar yadda aka aika wa kowane gida. Na buɗe na rufe. Bu Kamti ta ce ba a mayar da abincin biki, ba a kuma zubarwa. Na ci a tsaye, ina haɗiya da ruwa.

Litinin, 28 ga Agusta, ƙarfe biyu

Lasmi ta dawo. Uwarta ce ta rako ta har ƙofar aji. Ta taga na hango su, na ci gaba da rubutu a allo.

Na yi niyyar kada mu haɗu, shi ya sa ban fita tara ba sai da aka kusa kaɗa ƙararrawa. Na je famfo in wanke alli a hannuna, ina shan kwanar banɗaki sai ga ta, ita kaɗai, ta gama shan ruwa. Ta rame. An aske kan tas, kunnuwanta sun fito, hular sanyinta tana aljihu.

Na ce, "Lasmi." 

Ta ɗaga hannu biyu ta rufe kanta. Ba gashi ko ƙwaya ɗaya, amma ta rufe, ta matse gwiwar hannu a kunnuwa, tana kallon hannuwana.

Na mayar da su baya, na matsa jikin bango na ba ta hanya. Ta wuce a hankali, ba ta sauke hannu ba sai da ta kai ƙofar ajinsu.